A dawo da shelar ɗaure awaki

Edita,

Ka ba ni fili in roƙi masu unguwanni. A da, da an yi ruwan shuka, mai shela zai zagaya gari: kowa ya ɗaure dabbarsa a turke sai an cire amfanin gona. A ƙauyenmu an daina.

Jiya na bar noma da shayar da tumaki, na yi ta korar awaki. Sun keta shingen ƙaya, sun cinye kan waken da bai ko yi yaɗo ba. Mai su talaka ne kamar ni, ba na son a ci shi tara. Igiya da harawa sun fi sauƙi.

Don Allah a dawo da shelar, akuyar da aka kama kuma a kai ta gidan mai unguwa.

Naka,
Wani manomi daga jihar Katsina