Ba Aljani Ba Ne Ke Danna Hannun Gem

'Yan uwa, mu masu buga tsofaffin wasanni irin Super Mario Bros na 1985 a RetroArch mun san wannan ciwo: ba wanda ya taɓa komai, amma Mario sai tafiya hagu yake. Nan take mu ce hannun ya mutu, mu nufi kasuwa. Gaggawa ce kawai.

Mu fara gwada shi a wata kwamfutar. In ya ci gaba, sandar analog ce ta sha ƙura ko ta cinye: mu goge ta da sipirit, mu ƙara dedzon domin manhajar ta daina kula ƙaramin motsi. In ya daina, laifin saiti ne, mu sake ɗaura maɓallan.

A wannan tsadar, binciken minti 10 ya fi sabon hannu araha.