A Ba Malamar Jinya Kayan Aiki da Iko

A makarantun kwana da yawa, malamar jinya ɗaya tak ke kula da ɗaruruwan ɗalibai dare da rana, alhali abin da ke cikin kabad ɗinta bai wuce Panadol da auduga ba.

Babbar matsalarta ita ce zazzaɓi. Yaro ya zo da zafin jiki da ciwon kai: na cizon sauro ne, ko sanƙarau, ko kuwa tsoron jarrabawa? Cututtukan nan biyu kan fara da kamanni ɗaya, sai daga baya wuya ya sanƙare. Shi kuwa sanƙarau yana iya kisa cikin awa 24, kuma ya fi yaɗuwa da rani a ɗakunan kwana masu cunkoso. Annobar 1996 ta hallaka fiye da mutum 11,000 a Nijeriya.

Don haka bai kamata a bar ta tana canki-canki ba. Gwajin ɗigon jini kan nuna zazzaɓin cizon sauro cikin kimanin minti 20, wajibi ne hukumar makaranta ta tanadar mata shi. Amma gwajin ba ya gano sanƙarau. Idan ta yi shakka, ko da tsakar dare ne, a ba ta mota da ikon kai yaro babban asibiti, ba sai ta jira sa hannun shugaban makaranta ba.