Tsutsar Zogale: Kada Mu Yi Mata Feshi da Abin da Zai Shiga Tukunyarmu

'Yan'uwa manoma, da wuya a sami gida a ƙauyukanmu da ba shi da zogale, ko a bayan ɗaki, ko a jikin danga. Ganyensa ne ke riƙe da miya da kwaɗo da dambu sa'ad da lambu ya bushe. Saboda haka in tsutsa ta faɗa masa, abincin yara ne ta taɓa. Muna so mu yi magana a kan wannan tsutsa, da kuma wata hanya ta yaƙi da ita wadda muke gani ta fi tsutsar kanta haɗari.

Da fari, mu san ta tukuna. Masana suna kiranta Noorda blitealis. Ta dami masu noman zogale a Nijar da Sudan da Habasha, har Indiya, inda zogale ya samo asali. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare. Yakan sa ƙwai a kan sabon toho, cikin kwana 3 ko 4 su ƙyanƙyashe. 'Yan tsutsotsin kore ne, launin ganye, shi ya sa ba a ganinsu da wuri. Sukan haɗa ƙananan ganye da wani zare kamar yanar gizo-gizo, su ɓuya ciki suna kankare koren ganyen, su bar shi fari kamar takarda. In aka girgiza reshe sai su sauko suna lilo a jikin zare. Wannan ita ce babbar alama. Bayan mako ɗaya ko biyu sukan shiga ƙasa a gindin itacen, su fito da fiffike, su sāke sa ƙwai. Ke nan ba a cika wata guda ba an sami sabon zubi, kuma in an yi sakaci itace yakan koma tsirara.

Ba kowace yana ce abokiyar gaba ba. Gizo-gizo ma yana saƙa, amma shi ƙwari yake ci, ganyen da ke kusa da yanarsa lafiya lau yake. A bar shi. Haka kuma tsutsar da kan yi babban gida a jikin tsamiya ko doka, daga gidanta ne kakanninmu suka sami zaren tsamiya na aikin manyan riguna. A duba da kyau kafin a ɗauki mataki.

To, ga inda muke da magana. Mutane da yawa in sun ga tsutsa sai su ɗauko ragowar maganin auduga ko na masara, ko fiya-fiya, su fesa. Gaskiya ne tsutsar takan zube nan da nan, kuma mai gida ba ya son ya ga itacensa na lalacewa. Amma auduga ba a cin ta, masara kuwa takan yi makonni kafin girbi. Zogale fa? Yau an yi feshi, jibi uwargida ta aiki yaro ya tsinko. Babu wanda ya gaya mata. Awaki na cin ganyen da ya zube, kaji na tsintar tsutsar da ta mutu. Mu tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan irin wannan guba, wato dichlorvos, da aka samu a cikinsa. Abin da wasu suka ƙi saye da kuɗinsu, don me za mu zuba wa 'ya'yanmu a kwano? Ban da haka, maganin yakan kashe gizo-gizo da zanzaro da sauran masu cin tsutsa, sai ta dawo ba mai tare ta.

Ƙonawa da wuta ma ba dabara ba ce. Zogale itace ne mai taushi, wuta na dafa ɓawonsa, ga kuma rufin ciyawa kusa.

Itacen gida ba gona ba ne, hannu na iya isa gare shi. A riƙa duba toho sau biyu a mako. A tsinke ganyen da aka saƙe, a watsa wa kaji. In abin ya yi yawa a datse rassan, har ma a sare itacen daidai ƙirji, gama zogale ba ya fushi da sara, sai ma ya ƙara toho inda hannu zai kai. A kuma tona gindinsa sama-sama da fartanya don rana da kaji su gama da waɗanda suka ɓuya a ƙasa.

In dole sai an yi feshi, ga dogon yaro a ƙofar gida. A daka busassun 'ya'yansa rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana, a tace da tsumma, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. A fesa da yamma, domin rana tana rage masa ƙarfi. Ba ya kashewa nan take. Hana tsutsa ci yake yi, ya kuma hana ta girma, don haka a maimaita bayan mako guda. Yana da ɗaci, sai a dakata kwanaki kaɗan, a wanke ganyen sosai kafin a dafa.

Ga shawararmu ga ƙungiyoyi: malam-buɗe-littafi bai san danga ba. In gida ɗaya ya tsabtace itacensa, maƙwabci bai yi ba, aikin banza ne. A sa rana ɗaya wadda kowa zai duba nasa. A tara 'ya'yan dogon yaro a lokacinsu, a shanya a inuwa, a ajiye a buhu. In ƙungiya tana da famfon feshi biyu, a ware ɗaya a rubuta masa suna, kada maganin gona ya taɓa shiga cikinsa.