A Dubi Yaran Gonakin Koko

Edita, ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan wata ƙungiyar Amurka, Food Empowerment Project, mai kira a daina cin nama, ƙwai da nono. Nan kam ba na tare da su. Bafulatana mai tallar nono fa, ina za ta sa kanta?

Amma batun leburorin gona sun faɗi gaskiya. Ghana da Kwaddibuwa ke noma fiye da rabin kokon cakulan na duniya, ga yara can suna fasa ƙwallonsa da adda maimakon zuwa makaranta. Ni kaina na gani. Kamfanoni su ƙara wa manomi kuɗin buhu mana, ya iya ɗaukar babban lebura.

Mai tireda, Zangon Kumasi