A Auna Zafin Jikin Rumbun Bayanai Kafin A Sayo Magani

Duk ɗalibin da ya taɓa zama gaban kwamfuta yana jiran sakamakon jarrabawarsa, allo ya ƙi motsi, ya san abin da nake shirin magana a kai. Sakamakon nan yana ajiye ne a cikin rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke jera sunaye da lambobi bisa tsari. Idan ka shigar da lambarka, tambaya ce ka aika wa rumbun, shi kuwa sai ya bincika ya amsa. A ganina, wajibi ne duk makarantar da ke da irin wannan rumbu ta riƙa rubuta tsawon lokacin da kowace tambaya ke ci, kullum, tun kafin a fara kuka.

Ni malamin nazarin halittu ne, don haka da idon ɗakin gwaji nake duban lamarin. A asibiti ba a auna zafin jikin mai zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a sallame shi. Zafin kan hau ya sauka, domin ƙwayoyin cutar suna fasa jajayen ƙwayoyin jini lokaci zuwa lokaci, a wani nau'in bayan awa 48, a wani bayan awa 72. Wanda ya haɗa awon kwana uku ya raba zai iya samun adadin da bai yi nisa da digiri 37 ba, ya ce lafiya lau, alhali majiyyaci ya kwana yana makyarkyata.

To, haka rumbu yake. A ce an aika tambayoyi 100, guda 99 an amsa su cikin sakan ɗaya-ɗaya, guda ɗaya ta ci sakan 101. Matsakaicin lokaci sakan 2 ne kacal, amma akwai bawan Allah da ya yi jiran fiye da minti ɗaya da rabi. Saboda haka lissafin matsakaici kaɗai bai wadatar ba, sai an dubi mafi tsawo.

Kayan awon kuwa suna nan. Manhajar MySQL tana da kundin da ke rubuta tambayoyi masu nawa, sai dai idan an kunna shi ba a gyara ba, waɗanda suka wuce sakan 10 kawai yake kamawa, wanda ni dai na ga ya yi yawa. PostgreSQL kuma, tun shekarar 2009, tana da wani ƙari mai suna pg_stat_statements, wanda ke tara tambayoyi iri ɗaya, ya ƙirga sau nawa aka yi su da jimillar lokacin da suka ci. Wannan jimilla ita na fi daraja wa. Tambayar da ke cin rabin sakan amma ana yin ta sau 10,000 a yini ta cinye sakan 5,000, ta fi mai cin sakan 30 sau biyu ɓarna nesa ba kusa ba.

Na taɓa zama a wani kwamiti da ya kusa kashe kuɗi masu yawa kan sabuwar na'ura, don rumbun rajistar ɗalibai ya yi nauyi. Wani matashin ma'aikaci ya roƙi a ba shi mako guda ya yi awo. Sai ga shi tambaya ɗaya ce ke karanta sunan kowane ɗalibi daga farko har ƙarshe, domin ba a yi wa lambobin rajista fihirisa ba. Ya yi fihirisar da yamma ɗaya, tsohuwar na'urar kuma ta ci gaba da aikinta.