A Buɗe Wa Masu Ɗaukar Jaka Ƙofa

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta Ikoyi a nan Ikko ya ga wani makeken fili kore shar, an kewaye shi, ga masu gadi a bakin ƙofa. Wannan shi ne filin wasan golf na Kulob ɗin Ikoyi, wanda aka kafa tun 1938, zamanin Turawa. Ba a shiga sai ɗan kulob, ko kuwa baƙon da ya gayyato. Akwai irin waɗannan filaye a Ibadan da Kaduna da Kano da Jos. Shi golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da ake bugun 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ramuka 18 a jere, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan shagalin masu hannu da shuni ne kawai, bai shafi talaka ba. Mu kuwa a ganinmu ya shafe shi, domin a bayan kowane babban mutum da ke tafe a filin nan akwai wani yaro yana biye da shi, ya saɓa jakar sanduna a kafaɗa, rana tana dukansa. Yaron nan yakan fi maigidan sanin filin, shi ne ma yake gaya masa sandar da zai ɗauka. Daga cikin irin waɗannan yara ne gwanaye da yawa suka fito a duniya.

Ga misalin Lee Elder, baƙar fatar Amurka. An haife shi a Dalas a 1934, ya tashi maraya, ya fara neman abinci da ɗaukar jaka. A lokacin nan ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka tana da doka a rubuce cewa farar fata kaɗai ke zama ɗanta, ba a kuwa soke dokar ba sai 1961. Ko bayan haka wulakanci bai ƙare ba. A 1968, a garin Pensakola, sai a wurin ajiye motoci ya sake tufafi, don 'yan kulob ba su yarda baƙi su shiga ɗakinsu ba. A 1971 ya zo ƙasar nan ya ci babbar gasar golf ta Nijeriya. A 1974 ya koma Pensakolan nan da aka wulakanta shi ya ci gasa, abin da ya ba shi damar shiga gasar Masters ta 1975 a kulob ɗin Augusta, shi ne baƙin mutum na farko. Saboda barazanar kisa da aka yi ta aiko masa, gida biyu ya kama haya a garin yana sauyawa. Abin mamaki, a shekarun nan duk masu ɗaukar jaka a Augusta baƙaƙe ne: an yarda su ɗauki sanda, ba a yarda su buga ba. Kulob ɗin bai karɓi baƙar fata a matsayin ɗansa ba sai 1990.

To, kada mu yi saurin zagin Amurkawa mu manta da namu. Gasar Nijeriya ta ɗaga baƙi da dama. Sandy Lyle na Biritaniya a nan ya ci gasarsa ta farko bayan ya ɗauki wasan sana'a, a 1978, kuma bayan shekara goma ya ci Masters. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, yana fama da rayuwa yana koyar da wasa a wani ƙaramin kulob a Borneo kafin ya zo ya ci gasar nan a 1988, ya sake ci a 1989. A 2000 ya ci Masters, a 2004 kuma ya ture Tiger Woods ya zama na ɗaya a duniya. Ba mu yi musu hassada ba, guminsu ne. Amma ina yaran da suka ɗaukar musu jaka? Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi ke nan. Ita kanta gasar ta dushe tun shekarun 1990, an bar 'yan wasanmu ba su da wani babban dandali a gida da duniya za ta gan su.

Mun san abin da 'yan kulob za su ce: da kuɗinsu suke sayen taki, su biya masu yankan ciyawa da ban-ruwa, saboda haka su ke da ikon ƙofarsu. Gaskiya ne, ba mu kuma ce a mai da filin kasuwa ba. Amma fa a tuna, yau ba launin fata ne ya tare ƙofar ba, kuɗi ne, shi kuwa yaron da aka bari a waje duk ɗaya ne a wurinsa. Wasan nan ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da yara za su yi da lemo a lungu. Wanda bai sami fili ba, ba zai taɓa iyawa ba, komai basirarsa. Tun da filayen ƙalilan ne, kuma yawancinsu suna hannun kulob-kulob, su ne ke da mabuɗin sana'ar baki ɗaya, ko sun so ko sun ƙi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kulob-kulob ɗin nan su keɓe wa masu ɗaukar jaka rana ɗaya a mako, ranar da manya suke ofis fili yana zaune haka nan, su buga ramuka 18 cif, ba a ɓoye ba. Tsofaffin sandunan da suke jibge a gidajen 'yan kulob a tattaro a ba su. Wanda ya nuna gwaninta a ɗauki nauyin motarsa da masaukinsa zuwa gasa, domin sau da yawa kuɗin mota ne ke kashe ɗan wasa tun bai fara ba. Hukumar wasanni kuma ta zauna da kamfanonin da manajojinsu suka cika waɗannan kulob-kulob, a sa rana, a farfaɗo da gasar Nijeriya yadda take a da, a kuma ware wa 'yan ƙasa gurbi a cikinta.