A auna jirgin kuza kafin tsatsa ta gama da shi

Wata ranar Asabar na ɗauki jikana muka shiga gari sayen takalmin makaranta. Muna sauka daga mota a Taminus sai ya ja hannun rigata ya ce, "Kaka, me ya sa ake ce wa nan Taminus?" Na ce masa ai nan ne ƙarshen layin dogo, inda jirgin ƙasa yake sauke mutane da kaya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, bai ga komai ba sai 'yan tebur da masu tura baro, ya ce, "To ina jirgin?" Yaron nan haifaffen Jos ne, yana aji biyar na firamare, bai taɓa sa ƙafa a tarago ba. Tun daga ranar tambayarsa ta tsaya mini a rai.

Garin nan kuza ce ta kafa shi, jirgi kuma ya raine shi. Kafin a shimfiɗa dogo, a kan mutane ake ɗaukar kuza, 'yan dako su sauka daga tsauni su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai. Da jirgi ya isa Kano a 1911, Turawan kamfanonin haƙar kuza suka matsa a jawo musu reshe daga Zariya. Layin ya kai Rahama a 1912, ya hau tsauni ya iso Jos da Bukuru a 1914, tafiyar fiye da kilomita 200. An kira shi Bauchi Light Railway, ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Sunan lardin ya ɗauka. Siririn layi ne, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa uku da rabi ne. Saboda wannan bambanci, duk buhun kuzar da ya isa Zariya sai an sauke shi an sake lodawa. A 1927 babban layi ya iso daga Kafanchan, ya haɗa mu da kwal ɗin Inugu da tashar ruwa ta Fatakwal. Daga nan ƙaramin ya fara ja da baya, har aka rufe shi a 1957.

Washegari na kai yaron gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, don a can aka ajiye abin da ya saura na wancan ƙaramin jirgi. Ya tsaya gaban kan jirgin ya yi shiru. Can sai ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashi, ya sa yatsa a kan dogon ƙarfen da ya haɗa ƙafafun, ya ce, "Wannan me yake yi?" Na yi masa bayanin yadda ake zuba kwal a wuta, ruwan tukunya ya tafasa, tururi ya tura fistin, fistin ya tura wannan sandar, sandar ta juya ƙafa. Ya gyaɗa kai don ladabi, amma na san bai gane ba. Inji abu ne mai motsi, kuma wanda bai ga motsinsa ba labari kawai ya ji.

Ni na taɓa ganin motsin a tafin hannuna. Wani abokina da ya yi karatu a Ingila ya dawo da ɗan ƙaramin kwaikwayon jirgin nan da mutanen can suke ji da shi, Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, ya kuma yi gudun mil 100 a awa a 1934. Kore ne, tsawonsa bai kai rular ɗan makaranta ba, amma babu abin da aka bari: lambarsa 4472 tana jiki, ga bututun hayaƙi, ga akwatin kwal a baya, ga fitilu kamar ƙwayar gero. Da ya ɗora shi a kan ɗan layinsa ya ba shi wuta, sandunan suka fara kai da komo daidai yadda na babban suke yi. Mu dattawa uku muka zauna a kan darduma muna kallo har aka kira magariba. Ya gaya mini an rage komai sau 76 daga girmansa na asali, kuma a Jamus da Amurka an fi amfani da ragin sau 87. Kamfanoni irin su Hornby da Märklin sun daɗe suna wannan sana'a, kuma a birnin Hambug an gina babban gidan kallo na irin waɗannan ƙananan jirage, mutane suna biyan kuɗi suna bin layi don su shiga.

Ba ina kira a sayo mana Flying Scotsman ba ne, wannan tarihin wasu ne. Abin da nake so shi ne mu ƙera namu. Jos ta riga ta san darajar kwaikwayon abin tarihi, domin kusa da inda jirgin kuzar nan yake tsaye akwai kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, an gina su don wanda bai je can ba ya gani. Abin da aka yi wa gini ana iya yi wa inji. Hannayen da za su yi aikin suna nan. Duk wanda ya girma a Arewa ya yi motar kara ko ta gwangwani, ya san yadda ake yanka tsohon silifa a fitar da taya. Waɗannan yaran su ne suka girma suka zama masu walda da masu gyaran inji a Dilimi da Farin Gada, da kafintocin kasuwar Katako. Abin da ya rage musu shi ne awo.

Awon nan kuwa shi ne karatun. A ba ɗalibin makarantar koyon sana'a tef, ya auna faɗin layi da na ƙafar jirgi da tsawon tukunya da tsayin bututu, ya raba kowanne gida ashirin, ya zana a takarda kafin ya taɓa ƙarfe. Idan ya yi haka, siririn layin zai fito masa milimita 38, babban kuma 53. Ya jera su gefe da gefe a kan tebur, ba sai malami ya yi dogon bayani a kan dalilin sauke kaya a Zariya ba, idonsa zai nuna masa. Ga lissafi, ga zane, ga kimiyya, ga tarihi, duk a kan katako guda.

Na san abin da za a ce. Mutane suna fama da abin sawa a baki, wa yake da lokacin wasan yara? Wasu kuma za su ce jirgin gaskiya muke so, irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. Ni ma shi nake so, kuma ina addu'ar in ga ranar da zai riƙa tashi daga Jos kullum. Amma ranar da ya zo, wa zai gyara shi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kwana yana neman dalilin da ya sa ƙafar ɗan jirginsa take sauka daga layi a kwana, shi ne injiniyan gobe. Kuɗin aikin kuma bai taka kara ya karya ba: guntayen langa-langa da tagulla da katako, da ƙaramin injin lantarki irin na tsohuwar rediyon kaset.

Sharaɗi ɗaya nake da shi. In za a gina, a gina da mutanensa. A sa lebura da kwanon ƙasa a kai a bakin ramin kuza, a sa mai zuba kwal cikin zufa, a sa mai tallar ƙosai a bakin tasha, a sa gonakin Birom da haƙa ta cinye ta bar tafkuna. An shimfiɗa layin nan ne don a kwashe arzikin ƙasa, amma a cikinsa Bahaushe da Ibo da Bayarabe da ɗan tsauni suka haɗu suka zama mutanen gari ɗaya. Garin da ya sha rikici kamar namu yana da bukatar yaransa su tsaya kafaɗa da kafaɗa a gaban tebur guda, kowa ya nuna inda kakansa ya yi aiki.

Kira na ga masu kula da kayan tarihi da hukumar jiragen ƙasa da shugabannin makarantun sana'a shi ne su fara da abu mafi sauƙi, wato su buɗe wa ɗalibai ƙofa su auna. Ƙarfe ba ya jiran kasafin kuɗi, kowace damina tsatsa tana cin rabonta, tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka san sunan kowane ƙusa kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na riga na saya wa jikana tef da littafi mai layi. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu nemi izini mu fara da ƙafar gaba.